GAYYAR MANHAJA: AIKIN SA-KAI NA MASU RUBUTA MANHAJAR KWAMFUTA DA MATSALOLIN UNGUWAR RIGASA

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wani irin aikin taimakon al'umma da ya ɓullo a zamanin nan, watau aikin da masu rubuta manhajar kwamfuta suke yi kyauta domin warware matsalolin gari, irin su toshewar kwata, da salwantar kuɗin aikin gwamnati, da rashin taswirar unguwa. Za a duba asalin wannan aiki, da yadda ya shigo Nijeriya har ya iso Jihar Kaduna, sa'an nan a auna shi da halin da unguwar Rigasa take ciki. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, wannan aiki gayya ce, kuma hukuncin gayya ne yake hawa kansa: tana yin albarka idan gonar da aka taru a kanta tana da mai ita, idan kuma an yi kiranta da harshen da mutanen gari suke ji.

Ma'anar Manhaja da Ma'anar Gayya

Manhaja ita ce jerin umarni da ake rubuta wa kwamfuta ko wayar hannu domin ta aikata wani aiki daki-daki. Na'ura ba ta da hankalin kanta. Abin da aka rubuta mata shi take bi, ko da kuwa kuskure ne. Mutanen Rigasa sun san misalin wannan a ƙofar gidansu, domin tun watan Janairu na 2021 aka fara sayar da tikitin jirgin ƙasa na Kaduna zuwa Abuja ta intanet. Sai dai wannan manhaja ta kasuwanci ce, kamfani ne ya rubuta ta, kuma ana biyansa. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce wadda masana suke rubutawa a lokacin hutunsu, ba tare da lada ba, kuma galibi su bar rubutunta a buɗe yadda kowa zai iya kwafa, ko ya gyara, ko ya ƙara. Irin wannan ita ake kira buɗaɗɗiyar manhaja.

Akan kira masu wannan aiki da sunan 'yan sa-kai. Amma a 'yan shekarun nan wannan suna ya karkata, a yankin Arewa maso Yamma, zuwa ga masu ɗaukar makami domin tsaron ƙauyuka. Saboda haka kalmar gayya ta fi dacewa. A al'adar Bahaushe, gayya ita ce mai gona ya roƙi samarin gari su taru su yi masa aikin da ya fi ƙarfinsa. Ba a biyan kowa kuɗi, sai dai a dama fura, a tuƙa tuwo, makaɗa su zuga majiya ƙarfi. Haka kuma akan yi gayya a kan abin da yake na kowa, kamar gyaran hanya, da yasar rijiya, da sharar maƙabarta. Masu rubuta manhaja su ma suna da irin wannan taro, inda sukan haɗu na kwana ɗaya ko biyu a ɗaki guda, kowa da kwamfutarsa, su tasa wata matsala a gaba har su fito da abin gwadawa. Wannan taro shi za a kira gayyar manhaja a cikin wannan maƙala.

Asalin Aikin a Duniya

Misali na farko da ya yi suna a Afirka ya faru ne a Kenya. Bayan zaɓen ranar 27 ga Disamba, 2007, rikici ya ɓarke, aka kashe mutum fiye da 1,000. Wata lauya mai suna Ory Okolloh tana ta karɓar rahotanni daga jama'a har suka fi ƙarfinta, sai ta yi kira ga masana kwamfuta da su taimaka a ɗora rahotannin a kan taswira. Cikin 'yan kwanaki, a watan Janairu na 2008, David Kobia da Erik Hersman da Juliana Rotich suka haɗu da ita aka fito da manhajar Ushahidi. Mutum yakan aika saƙon waya, a tantance, a sa alama a daidai garin da abin ya faru. Kalmar ushahidi ta Suwahili ce, tushenta ɗaya da kalmar shaida ta Hausa, dukkansu daga Larabci.

Misali na biyu shi ne na girgizar ƙasar Haiti ta ranar 12 ga Janairu, 2010. Masu agaji sun iso babban birnin ƙasar ba su da cikakkiyar taswirarsa. Sai ɗaruruwan mutane daga ƙasashe dabam-dabam suka zauna a gidajensu, suna duban hotunan tauraron ɗan'adam, suna zana tituna da gine-gine a kan OpenStreetMap, watau taswirar duniya da aka kafa a 2004 wadda kowa yake iya ƙara mata bayani. Har ila yau an buɗe lambar waya, 4636, domin waɗanda abin ya shafa su aika da kukansu. A nan wata matsala ta fito fili: saƙonnin da harshen Kiriyol na mutanen ƙasar suke zuwa, masu agaji kuwa mafi yawansu ba sa jin sa. Da ba don 'yan ƙasar mazauna waje sun shiga gayyar suna fassarawa, suna kuma nuna unguwar da kowane suna yake nufi ba, da manhajar ba ta amfana da kome ba.

Misali na uku daga Amurka yake. A 2009 Jennifer Pahlka ta kafa ƙungiyar Code for America. A 2011 wani daga cikin matasanta ya rubuta wa birnin Boston wata 'yar manhaja, inda mazaunin unguwa zai ɗauki famfon kashe gobara guda ɗaya a matsayin riƙo, ya yi alkawarin share ƙanƙarar da take binne shi da hunturu. Da yake rubutunta a buɗe yake, birnin Honolulu ya kwafe ta, ya mai da ita ta lura da jiniyoyin gargaɗin ambaliyar teku. Wasu birane kuma suka mai da ita ta riƙon magudanar ruwa.

Shigowarsa Nijeriya da Jihar Kaduna

A Nijeriya shekarar 2011 ita ce mafari. A zaɓen wannan shekara an yi amfani da Ushahidi wajen tattara rahotannin rumfunan zaɓe a ƙarƙashin shirin ReclaimNaija. A ranar 28 ga Mayu Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa wanda ya nemi bayani a rubuce. A wannan shekara kuma, a wata gayyar manhaja da aka yi a cibiyar Co-Creation Hub da ke Yaba a Legas, Oluseun Onigbinde da Joseph Agunbiade suka fito da BudgIT, wadda take ɗaukar kundin kasafin kuɗi mai ɗaruruwan shafuka ta mai da shi zane da lissafi mai sauƙi. A 2014 BudgIT ta ƙara da Tracka, domin jama'a su riƙa bin sawun ayyukan da aka sa wa mazaɓunsu a kasafi.

A Arewa kuwa, abin da ya fi tasiri ya faro ne daga Zamfara. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan da ake haƙar zinariya, wadda ta kashe yara aƙalla 400. Aikin tsabtace garin Bagega ya tsaya saboda ba a saki kuɗinsa ba, likitoci kuwa ba za su fara magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar. A 2012 Hamzat Lawal da abokan aikinsa suka fara shirin Follow The Money, watau bin sawun kuɗi. Suka je garin, suka ɗauko hotuna da bayanai, suka baza su a intanet har maganar ta kai majalisa. A farkon 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. Abin lura a nan shi ne, na'urar da aka yi amfani da ita ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya yi aiki shi ne zuwa wurin da ƙafa, da sanin ofishin da kuɗin ya maƙale.

A Kaduna, Sanusi Ismaila ya buɗe cibiyar CoLab a 2016, inda matasa suke koyon rubuta manhaja suna kuma haɗuwa da junansu. A zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i, Hukumar Tsare-tsare da Kasafin Kuɗi ta jihar ta gudanar da shirin Eyes and Ears, watau idanu da kunnuwa. A 2017 aka ƙaddamar da manhajar waya ta shirin, wadda take nuna wa mutum ayyukan gwamnati da ke kusa da inda yake tsaye, ya ɗauki hoto, ya faɗi ko ana yi ko an watsar. A 2018 jihar ta shiga ƙawancen gwamnatocin duniya masu alkawarin gudanar da mulki a fili. Wannan manhaja gwamnati ce ta samar da ita, amma idanun da kunnuwan na talakawa ne, kuma ba a biyansu. Ke nan a Kaduna mai gona ne ya fara kiran gayya.

Halin da Rigasa Take Ciki

Turawan mulkin mallaka sun mai da Kaduna hedikwatar Arewa a 1917, suka shata mata tituna da unguwanni a kan takarda kafin a gina su. Rigasa ba ta sami wannan gata ba. Ta yaɗu ne a yammacin birnin, bayan babbar hanyar Nnamdi Azikiwe, gini yana riga taswira. Rikice-rikicen 2000 da 2002 sun sa mutanen Kaduna da yawa sun sauya unguwa, Rigasa kuwa tana cikin wuraren da suka karɓi baƙi masu yawa. A watan Yuli na 2016 aka buɗe layin dogo mai tsawon kilomita 186 daga Idu a Abuja zuwa tashar Rigasa, wanda ya ƙara wa unguwar kasuwa da cunkoso.

Duk da cewa a ido Rigasa birni ce, a tsarin mulki mazaɓa ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Igabi, wadda hedikwatarta take Turunku, nesa da birni. Ƙidayar 2006 ta ba Igabi mutum fiye da 430,000, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba. Ma'anar wannan ita ce, kansila ɗaya ne yake wakiltar jama'ar da ta isa gari guda, kuma ana yi musu tsari da alƙaluman da suka tsufa. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Makarantar firamare ta Titin Lakwaja ta taɓa yin suna a jaridun ƙasa saboda yawan ɗalibanta. Da damina, musamman a watan Agusta da Satumba, kwatoci sukan toshe, ruwa ya shiga gidaje. Gidaje da yawa a wurin 'yan garuwa suke sayen ruwa. Idan taransifoma ta ƙone, sau da yawa mutanen layi ne suke yin karo-karo.

A ƙarƙashin kowace ɗaya daga cikin waɗannan akwai matsalar bayani. Mai unguwa ya san kwalbatin da yake toshewa kowace shekara, matan gida sun san rijiyar burtsatsen da ta mutu, amma wannan sani yana warwatse a ƙirjin mutane. A ɗaya gefen kuma, kasafin kuɗin jiha yana nan a intanet, amma da Turanci yake, cikin dogayen jadawali. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Aikin 'yan gayyar manhaja shi ne su zama wannan guga.

Yadda Aikin Yake Gudana

Domin a fahimci tsarin, sai a ɗauki matsalar kwalbati a matsayin misali, a bi ta mataki-mataki.

Mataki na farko shi ne zana taswira. Masu aikin sukan buɗe hoton tauraron ɗan'adam, su bi rufin kowane gida da kowane layi su zana a kan OpenStreetMap. Wannan ana iya yinsa daga ko'ina. Ɗaliban jami'o'i ma suna yinsa a ƙarƙashin ƙungiyar YouthMappers, wadda aka kafa a 2015 kuma take da rassa a Nijeriya. Amfanin taswira ya riga ya tabbata a ƙasar Hausa: a yaƙin shan-inna, da aka daina dogara ga taswirar da aka zana da hannu aka koma ga ta tauraron ɗan'adam, sai aka gano rugage da ƙananan ƙauyuka da masu allura suke tsallakewa. A ranar 25 ga Agusta, 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Mataki na biyu shi ne tafiya da ƙafa. Tauraron ɗan'adam yana ganin rufi, amma ba ya sanin sunan layi, ba ya kuma ganin abin da ke cikin kwalbati. Dole matasan unguwa su zaga da waya, su tsaya a kan kowane kwalbati, wayar ta ɗauki daidai wurin, su ɗauki hoto, su cika 'yan tambayoyi. Akwai buɗaɗɗun manhajoji na wannan aiki, kamar ODK da KoboToolbox, waɗanda suke aiki ko babu sabis, su aika da bayanin idan an samu. Wannan siffa tana da muhimmanci a Kaduna, domin a ƙarshen 2021 an rufe layukan waya a wasu sassan jihar na kusan wata biyu saboda matsalar tsaro.

Mataki na uku shi ne tattarawa a rumbun bayanai, a cire maimaici, a fito da jerin da zai nuna kwalbati nawa ne, nawa suka toshe, wanne ne ya fi jawo ɓarna. Mataki na huɗu shi ne gwada wannan jeri da kasafin kuɗi, a ga ko an ware wa wani daga cikinsu kuɗi. Na biyar, wanda shi ne mafi wuya, shi ne kai jerin ga wanda yake da ikon yin aiki, da komawa a duba ko an yi. A cikin matakan nan biyar, rubuta manhaja bai wuce ɗaya da rabi ba. Sauran aikin ɗan gari ne, kuma da ɗan gari akan ci gari.

Matsayin Harshe a Cikin Aikin

A nan ne maganar ta shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Matsala ta farko ita ce ta rubutun suna. Kalmar unguwa ana rubuta ta a allunan Kaduna da takardun ofis ta hanyoyi da dama: Unguwar, Ungwan, Anguwan, Angwan, har da harafin U kawai da 'yar sanda a gabansa. Mutum ya san duk abu ɗaya ne, amma kwamfuta za ta ɗauke su wurare biyar. Idan mutum goma suka kai kuka a kan wuri ɗaya da rubutu biyar, sai rumbun bayanai ya nuna ƙananan koke-koke biyar, babu wanda ya isa a kula da shi. Haka sunan Hayin Ɗanmani yake zuwa da ƙugiya ko babu, a haɗe ko a rabe. Maganin wannan shi ne a tsara kundin sunayen wurare, a tsayar da daidaitaccen rubutu ɗaya ga kowane suna, a jera sauran a ƙarƙashinsa, yadda manhaja za ta gane su duka. Wannan aikin masanin ƙa'idojin rubutu ne.

Matsala ta biyu ita ce ta haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutun boko tun shekarun 1930. Na'urorin yau suna iya nuna su, amma mafi yawan masu rubutu a waya ba sa sa su. Saboda haka manhajar da za ta karɓi saƙon Bahaushe sai ta iya bambance kasa da ƙasa, da kafa da ƙafa, ta hanyar duban kalmomin da ke kewaye. Ba a koya wa na'ura wannan sai da tarin rubutu da mutane suka tantance da hannu. An fara irin wannan aiki. A 2019 masana na Afirka suka kafa Masakhane, kalmar Zulu mai ma'anar mu gina tare, wadda mafi yawan aikinta na sa-kai ne. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka fito da NaijaSenti, tarin dubban gajerun saƙonni na Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka, an tantance kowanne ko yabo ne, ko suka, ko tsaka-tsaki.

Matsala ta uku ita ce ta fassarar kalmomin kasafi. Akwai bambanci tsakanin kuɗin da aka ware, da kuɗin da aka saki, da kuɗin da aka kashe. Idan mai fassara ya haɗe su a kalma ɗaya, sai jama'a su tuhumi ɗan kwangila da cin kuɗin da bai taɓa shiga hannunsa ba, ko kuma su yafe wa wanda ya karɓa ya gudu. Kuskuren kalma ɗaya a nan yana iya zubar da mutuncin mutum, yana kuma iya kashe amanar da aka yi wa aikin gaba ɗaya.

Matsala ta huɗu ita ce, ba kowa ne yake karatun boko ba. Akwai masu ajami, akwai kuma ɗimbin jama'a, musamman mata da dattawa, da suka fi sakewa da saƙon murya. Manhajar da ba ta karɓar murya, ko ba ta aiki a ƙaramar waya ta hanyar danna lambobi irin na banki, ta rufe ƙofa ga waɗanda suka fi kowa sanin inda ɗaki yake yoyo.

Inda Gayya Take Mutuwa

Manomi ya san gayya ba ta kai amfani rumbu. Samari sukan yi noman fari a yini ɗaya su watse, amma maimai da huɗa da girbi suna wuyan mai gona. Gonar da ba ta da mai ita, ko an yi mata gayya goma, ciyawa za ta cinye ta. Manhaja ma haka take. Kwamfutar da take riƙe da bayanan ana biyan hayarta kowane wata. Wayoyi suna sauyawa, sai an bi su da gyara. Ɗalibin da ya rubuta ta zai gama karatu, ya tafi bautar ƙasa, ya sami aiki a Legas ko Abuja. Ko a Amurka, Code for America ta kafa rassan 'yan sa-kai a birane a 2012, amma a 2023 ta janye daga ɗaukar nauyinsu. BudgIT da Follow The Money sun ɗore ne saboda sun rikiɗe sun zama ƙungiyoyi masu ma'aikata da masu ba da tallafi.

Abu na biyu da yake kashe gayya shi ne shirun hukuma. Mutumin da ya sayi data da kuɗinsa, ya aika hoton kwalbati sau uku bai ji kome ba, ba zai aika na huɗu ba, kuma zai gaya wa maƙwabcinsa kada ya wahalar da kansa. Don haka kafin a rubuta layi ɗaya na manhaja, ya kamata a san jami'in da zai karɓi rahoto, da kwana nawa zai yi kafin ya amsa. Shirin da yake rataye a wuyan gwamna ɗaya ko kwamishina ɗaya kuwa yana cikin haɗari duk lokacin da mulki ya sauya hannu.

Abu na uku shi ne tsaro da sirri. Rigasa tana bakin daji, kuma harin da aka kai wa jirgin ƙasa a ranar 28 ga Maris, 2022, wanda ya tsayar da zirga-zirga har zuwa 5 ga Disamba na wannan shekara, ya nuna irin yanayin da ake ciki. Taswirar da take nuna kwalbati da famfo alheri ce, amma wadda take nuna sunan mai gida da sana'arsa tana iya zama jagora ga ɓarawo. Wanda ya kai rahoton aikin da aka watsar ma yana bukatar a ɓoye sunansa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane nauyin neman izininsu da kiyaye abin da ya tara, kuma kasancewar mutum ɗan gayya ba ta sauke masa wannan nauyi ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa gayyar manhaja tana bukatar ƙafa uku, kamar murhu. Na farko, masu rubuta manhaja, waɗanda Kaduna ta fara samarwa. Na biyu, mai gona, watau wata kafa mai ɗorewa a unguwa, kamar majalisar masu unguwanni, ko kwamitin makaranta, ko ƙungiyar ci gaban al'umma, wadda za ta riƙe bayanan, ta kai su ofis, ta koma ta tambaya. Na uku, masana harshe, waɗanda za su daidaita sunaye, su tace fassara, su mai da saƙon murya rubutu.

Ƙafa ta uku ita ce ta fi kusa da sashen Hausa, kuma ba ta bukatar kuɗi masu yawa. Ɗalibi ɗaya mai neman batun kundin digiri zai iya ɗaukar sunayen layukan Rigasa, ya zauna da masu unguwanni da dattawa, ya rubuta asalin kowane suna, da daidaitaccen rubutunsa, da sauran hanyoyin da ake rubuta shi. A wurin malaminsa wannan nazarin sunayen wurare ne. A wurin mai rubuta manhaja kuwa, shi ne jerin da zai sa kukan mutum goma a kan kwalbati ɗaya ya isa ofis a matsayin kuka ɗaya mai nauyin mutum goma.